Shekarar da Na Kira Sunan Ɗan Wata

Kun girma kuna jin cewa ciwon baya ne ya raba ni da aikin Bonanjo. Babanku, Allah ya jiƙansa, shi ya ƙago wannan zance don ya rufa mini asiri a unguwa, ni kuma na bar shi ya zauna, har nakan dafe ƙugu in na ga baƙi sun shigo. To, yau ga ciwon bayan na gaskiya ya zo ya karɓi gurbinsa, ba ni da sauran dalilin riƙe na aro. Ba ciwo ne ya fitar da ni ba. Cire sunana aka yi daga jerin tafintoci, kuma da hujja aka cire shi. Ina so ku ji yadda aka yi daga bakina, tun kafin wani ya ƙara masa gishiri.

A shekarar nan ruwa bai san ɗaukewa ba. Ku 'yan Duwala ne, ba sai an koya muku damina ba, amma waccan daban take a raina. In na rufe ido yanzu sai in ga New Bell tana shawagi, gidajen kwano suna tsaye a kan inuwarsu cikin ruwa, katakon da muka gitta a bakin ƙofa yana lilo, hayaƙin masu tsire ya kwanta a kan titi ya kasa tashi. Cikin wannan ruwa mutanen Afirka ta Tsakiya suka riƙa shigowa, waɗanda mu nan muke ce wa 'yan Santrafrik. Yawancin waɗanda suka faɗo unguwanninmu Musulmi ne, Hausawa da Fulani da kakanninsu suka je can fatauci kamar yadda namu suka zo nan. Sun cika zauruka da barandoji tun daga New Bell har Ndogpassi. Wasu ƙalilan, waɗanda aka ga ba su da wurin komawa kuma ba su da mai riƙe su a nan, akan miƙa takardunsu ga wata ƙasa mai nisa, ƙasar sanyi, wadda ke ba da bizar kariya ga wanda aka tsananta wa saboda addininsa. Jami'an ƙasar sukan zo su zauna a wani ofis a Bonanjo su yi wa mutum tambayoyi kafin su yanke hukunci. Ni ce bakin da ke tsakani. Hausa ta shiga kunnena ta fita da Faransanci, Faransanci ya shiga ya fita da Hausa.

Ranar da aka ɗauke ni na sa hannu a kan alkawari cewa ba zan ƙara ba, ba zan rage ba, ba zan gyara maganar kowa ba ko da ta fito a karkace. Na riƙe wannan alkawari da alfahari, kuma kun san uwarku da ji da kai. Ni ce wadda ta yi makarantar Faransanci har ta ƙure, mai zuwa aiki da takalmi a jaka don kada taɓon New Bell ya bi ni ofis. Jami'ar da na fi aiki da ita wata Baturiya ce doguwa mai furfura, a zuciyata nake kiranta Madam Tabarau. Ba muguwa ba ce. Ta dai ji ƙarya da yawa, don a lokacin har sayar da labari ake yi a kasuwa: a koya wa mutum ƙauyen da zai ce ya fito da ranar da zai ce an ƙone shi, wani ma ya sayi gurbi a takardun dangin da ba nasa ba. Saboda haka ta kan bi mutum a hankali. Za ta fara tabbatar da cewa kai ne wanda ka ce, kuma addinin da ka ambata naka ne. Daga nan ta nemi sanin ko don addinin aka taɓa ka, domin wanda ɓarayi suka kwashe wa shanu abin tausayi ne, amma ba tasa ba ce wannan biza. Sai ta tambaya ko za ka iya komawa wani gari a ƙasarku ka zauna lafiya. Duk tsawon wannan tana auna maganarka ta yau da ta jiya da ta 'yan'uwanka, in ta ga ɓaraka ta ja layi a ƙarƙashi.

Wata Talata aka shigo da Goggo Dije. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai shuɗin mayafi da ya koɗe, ta cire takalmanta a bakin ƙofar ofis kamar za ta shiga ɗakin surukai. 'Ya'ya biyu ta haifa. An kashe namijin, macen kuma ta gudu ta wata hanya dabam, har Allah ya kai ta ƙasar sanyin nan tun bara. A duniya wannan 'yar ce kaɗai ta rage mata, kuma bizar ce kaɗai hanyar da za ta sake ganinta. A barandar wasu mutane take kwana a Ndogpassi.

Madam Tabarau ta fara da addini, ta ce ta lissafa mata shika-shikan Musulunci. Goggo ta juyo gare ni.

"'Yar nan, gaya mata ni ba a ƙirga mini su ba. Yi aka koya mini."

Na juya shi yadda ta faɗa. Madam ta ce to, ta kwatanta mata safiyarta tun daga farkawa, sai ga Goggo ta bi alwala gaɓa-gaɓa har da yadda take ɗumama ruwa saboda sanyin ƙashi. Aka wuce nan lafiya. Aka zo kan dalili. Madam ta ce ɗanta mai shago ne, ta yaya ta san ba kayan shagon aka zo ɗiba ba?

"Shagon maƙwabcinmu ya fi namu kaya, ko ashana ba a ɗauka ba. Ƙofar da aka ga buta a bakinta ita ake bugawa. Shi kuma a hanya suka tare shi, suka ture hularsa suka duba goshi."

Ta ce matar maƙwabcin nan, Kirista, ita ta ɓoye ta a bayan buhunan rogo har kwana huɗu, ta kuma ɗaura mata ɗankwali irin nasu ta raka ta tasha. Da Madam ta tambaya ko za ta iya komawa wani gari ta yi sallarta a ɗaki ba wanda ya sani, Goggo ta ɗaga mayafi ta nuna tabon salla da ke nata goshin. Ni kuwa ban sami abin fassarawa ba.

Har nan ina ganin ta haye. Sai Madam ta ɗauko katin shaidar ɗan, wanda Goggo ta zo da shi a ƙulle cikin leda, ta miƙo mini in duba ko rubutun ya yi daidai da na takardar, sannan ta kife shi a kan tebur.

"Yaya sunan ɗanki?"

Goggo ta sunkuyar da kai ta kama gefen mayafi tana murzawa.

"Yaron nan dai. Mai shagon."

Madam ta sake tambaya, ta sauya hanya ta sake, har sau uku. Goggo ta ce ai yana jikin katin, a karanta mana. Da aka ce ta ba da labarin ranar da aka kawo mata gawarsa, ta faɗe shi a taƙaice, ido a bushe, kamar labarin ɗan maƙwabta. Na ga alƙalamin Madam ya ja layi, ya sake ja. Na san abin da ke ranta. Tsohuwar da ba ta iya karatu ba, ba ta san sunan da ke kan kati ba, ba ta zubar da hawaye ba, ƙila ba ita ce uwar ba, gurbin wata ta saya. Ta ce a dawo da ita Talata mai zuwa, daga nan za ta rufe dosiye, wato ƙunshin takardun mutum.

Na san abin da ya hana ta, kada ku ɗauka ban sani ba. Ɗan fari ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta yi masa kuka a gaban mutane, ko da kuwa zuciyarta za ta tsage. A gidanmu na tashi ina ganin haka. Har Iya, kakarku, ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan kawunku babba a bakinta ba, sai dai ta ce "wancan na Bonapriso", unguwar da yake zaune. Ni ce dai na ɗauki abin ƙauyanci na yar. Kai Mansur, ɗan farina, shaida ne, tun kana zanin goyo nake ƙwala maka kira da sunanka, Iya tana toshe kunne tana cewa boko ya cinye mini kunya.

Da na koma gida da la'asar na tarar da Iya tana tsince shinkafa a baranda, ruwa yana zuba daga bakin kwano a gabanta kamar labule. Ban faɗi sunan kowa ba, amma na ba ta labarin, abin da ko shi ma bai halatta in yi ba. Ba ta ɗago ba.

"To, ki gaya wa Baturiyar mana. Ɗan fari ne."

"Iya, on n'a pas le droit. Ba a yarda mu sa baki ba. Abin da aka faɗa kawai muke juyawa."

"Rabu da ni da yaren nan naki. Ashe bututu na haifa ban sani ba."

Wannan magana ta bi ni mako guda. A gaskiya akwai hanya. Tafinta na iya ɗaga hannu ya nemi izini, ya ce akwai wata al'ada da ya kamata a sani, jami'i ya rubuta cewa daga tafinta ta fito. Na san da ita, amma na raina ta. Na sha ganin yadda fuskar Madam take rufewa in ta ji an ce "al'adarmu ce", saboda maƙaryata sun riga sun tsufar da wannan mayafi. Akwai kuma wani dalili da sai yanzu nake iya faɗa: kunya nake ji in tsaya gaban Baturiya, da takalmina mai tsini, in bayyana cewa mutanena ba sa kiran sunan 'ya'yansu. Sai na riƙa saƙa wata dabara a raina ina kwancewa. A kwanakin nan nakan sauka daga mota tun kafin ofis, in tsaya inda ake hango kogin Wuri, hazo ya haɗe ruwa da sama har jiragen ruwa su zama kamar a rataye suke. Sunan da na gani a kan katin yana ta yawo a bakina. Kalma ɗaya ce tsakanin tsohuwar nan da 'yarta, kuma tana hannuna.

Talata ta zo. Madam ta yi 'yan tambayoyi, sannan ta ajiye alƙalami ta ce in gaya wa Goggo wannan ce dama ta ƙarshe, in ba ta faɗi sunan ba ba za ta iya yarda cewa ita ce uwar ba. Na faɗa mata, har na ƙara da murya ƙasa-ƙasa:

"Goggo, don Allah ki daure. Sau ɗaya ne."

Leɓɓanta suka motsa. Na ga ta ɗauko shi tun daga ciki, ya hau har maƙogwaro, ya tsaya.

"'Yar nan, ce mata mai sunan kakansa ne. Na wajen uba."

Na juya ga Madam, na daidaita murya kamar kullum, na ce da Faransanci: ta ce sunansa Haruna, sunan kakansa na wajen uba.

Shekara da shekaru ina wannan aiki, amma a ranar na manta abin da ɗan koyo ya sani. Madam ta cire tabarau ta dube ni.

"Madame, suna ba ya sauya kama in ya ƙetara harshe. Ban ji shi a bakinta ba."

Kafin in buɗe baki idonta ya koma kan tsohuwar. Goggo Dije ta ji sunan. A cikin dogon yaren da ba ta san ko kalma ɗaya ba, wannan ɗaya ta fito mata sarai. Ta waiwaya ta dubi ƙofar ofis, ta ɗan gyara zama ta matsar da ƙafafunta gefe, irin yadda ake yi in wani zai shigo ya wuce. Mu uku muka zauna muna kallon ƙofar nan, ruwa yana dukan taga. Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba.

Nan take na bayyana komai, ɗan fari da kunya da Iya da kawunku, duk abin da ya kamata in faɗa mako guda da ya wuce ta hanyar da aka yarda. Madam ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ƙila gaskiya ne, amma yanzu ba ta da ikon ɗaukar komai daga bakina, har da abin da na juya a zaman farko. Aka dakatar da dosiyen Goggo. Kafin mako ya zagayo an cire sunana. Ban yi musu ba, domin in tafinta ya saka kalma ɗaya don tausayi, gobe wani zai saka goma don wani abu dabam, kuma masu gaskiya ne za su biya.

Rashin aikin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba, amma ba shi ne ya hana ni sakewa ba. Na je in taimaki matar nan na tura ta rami. Da ana shakkar ta ne kawai, yanzu kuwa takardunta suna ɗauke da tabon maguɗi, kuma ba ita ta yi ba. Na rubuta wa Madam doguwar wasiƙa na ce laifin nawa ne ni kaɗai, tsohuwar ba ta roƙe ni ba, ba ta ma san ni ba, a tambayi duk wani dattijon Bahaushe ko Bafulatani game da ɗan fari. Ba a ba ni amsa ba. Zuwa Ndogpassi kuma bai yiwu ba, don in aka gan ni tare da ita an tabbatar da zargi ke nan. Haka na zauna a gida wata da watanni. Ku kuna murna Mama ta daina fita, ni kuwa ina zaune a baranda ina kallon ruwa yana ɗaukar bawon lemo yana kaiwa ƙofar maƙwabta, ina ganin shuɗin mayafi a duk macen da ta gifta. Iya ba ta taɓa ce mini "ai na gaya miki" ba. Ta dai riƙa turo mini kunu ba tare da na nema ba.

Daga baya na ji yadda aka ƙare, daga bakin Goggo da kanta. An sake kiranta da wani tafinta, mutumin Garwa. A wannan karo Madam ba ta nemi suna ba. Ta ce ta gaya mata yadda za a gane shi a cikin mutum ɗari. Goggo ta ce ran Alhamis aka haife shi ana kiran azahar, yana da tabon ƙunar kunu a ƙaurin hagu tun yana rarrafe, ba ya cin kuɓewa, in zai yi ƙarya sai ya taɓa kunne. Ta yi ta zuba har tafintan ya nemi ruwan sha. Aka aika can ƙasar sanyi aka yi wa 'yarta irin waɗannan tambayoyi ba tare da ta san amsar uwar ba, aka tarar tabo ɗaya ne, ƙafa ɗaya. Bizar ta fito bayan ruwa ya ja baya.

Ana gobe Goggo za ta tashi, da hantsi, na ji sallama a tsakar gida. Ta yi ta tambaya ne tun daga bakin kasuwa har aka nuna mata gidan tafintar da aka kora. Na shimfiɗa mata tabarma, na durƙusa na fara neman gafara. Ta ɗaga hannu.

"Ke ce 'yar nan mai kiran 'ya'yan mutane."

"Ni ce, Goggo. Ki yafe mini, na kusa jawo miki asara."

"Wannan ya wuce. Wata buƙata ce ta kawo ni."

Ta dubi ƙofar gida, wadda ke buɗe tana fuskantar lungu. Iya tana daka a madafa.

"Tun da abin ya faru ba wanda ya kira shi a gabana. Kowa yana jin nauyina. Ni kuma kin ga ba zan iya ba. Ran nan cikin yaren Nasara kika naɗe shi, ban ji shi da kyau ba. Inda za ni kuwa ba wanda ya san shi sai ƙanwarsa, ita ma Yaya take cewa. Tashi ki kira mini shi, yadda ake kiran mutum ya shigo ya ci abinci."

Na tashi na je bakin ƙofa. Rana ta fito a kan ruwan da ya kwanta a lungu, ba kowa sai wata akuya a gindin katanga. Na ɗaga murya yadda nake kiranku in tuwo ya sauka.

"Haruna."

Taɓaryar Iya ta tsaya. Goggo Dije ta zauna a miƙe, hannuwanta a kan gwiwa, idonta a kan ƙofa. Ta jira gwargwadon yadda mutum zai rufe shago, ya wanke hannu, ya taka zuwa gida. Ba wanda ya shigo. Sannan ta jawo takalmanta ta gyara mayafi.

"To," ta ce. "Ashe da gaske ne. Raka ni bakin titi."